Tambaya da Amsa: Idan Gyara Ya Ɓata Fuskar Manhaja

Wasiƙun wannan wata sun fi fitowa daga masu rubuta manhaja da masu zane da kwamfuta na nan Jos, kuma huɗu daga cikinsu magana ɗaya suke yi, wato gwajin kwatanta hoto domin kama ɓarnar da gyara ke yi wa fuskar manhaja, sai dai kowa da ƙofar da ya shigo ta. Na taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni matashi ne mai rubuta manhaja, ina zaune a Unguwar Rogo. Mu uku muka haɗa wani shafin intanet da dillalan kayan gwari na kasuwar Farin Gada ke saka farashin dankalin Turawa da kabeji da karas, masu saye daga Kano da Abuja su yi oda. Makon jiya na sauya launin shafin farko kawai, duk gwaje-gwajenmu suka nuna lafiya lau, muka saki. Washegari wani dillali ya kira ya ce maɓallin biyan kuɗi ya ɓace. Da muka duba sai muka ga yana nan, amma ya koma fari fat a kan farin fili, rubutunsa ma fari. Ta yaya gwaji zai ce komai daidai alhali mutum ba ya ganin maɓallin? Me za mu yi kada a sake?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gwajinku bai yi muku ƙarya ba, abin da kuka tambaye shi ya amsa. Kun tambaye shi ko maɓallin yana cikin shafi, ya ce yana nan. Kun tambaye shi ko oda tana tafiya idan an danna shi, ya ce tana tafiya. Babu wanda ya tambaye shi ko idon ɗan Adam yana iya ganin maɓallin. Manhajar gwaji da sunan da kuka raɗa wa maɓalli a cikin kod take gano shi, kamar yadda mutum ke laluben makunnin fitilar ɗakinsa cikin duhu, don haka fari ne ko baƙi duk ɗaya ne a wurinta. Dalilin ɓarnar kuwa sananne ne: ƙa'idojin CSS da ke tsara launi da girma da tazara galibi shafuka da yawa ne ke tarayya a kansu, sai ka taɓa layi ɗaya domin shafin farko, shafi na bakwai da ba ka buɗe ba tun watan jiya ya karkace. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Maganin da masu sana'ar suka samo shi ne gwajin kwatanta hoto, kuma tsarinsa ba shi da wuyar fahimta. Ranar da shafi yake daidai yadda kuke so, sai manhajar gwaji ta buɗe shi a burauza ta ɗauki hotonsa ta ajiye. Wannan shi ne hoton ma'auni. Duk lokacin da wani ya taɓa kod, sai ta sake buɗe shafin, ta sake ɗaukar hoto, ta ɗora sabon a kan tsohon ta bi su ɗigo bayan ɗigo, domin kowane hoton allo tarin ƙananan ɗige-ɗige ne da ake kira fiksel, kowanne da lambar launinsa. Idan ta sami bambanci sai ta tsayar da aikin, ta fitar da hoto na uku wanda shafin ya dusashe a cikinsa, wuraren da suka sauya kaɗai ke fitowa da jan launi. Da kuna da wannan tsari a makon jiya, da kun ga jan tabo mai kusurwa huɗu daidai inda maɓallin yake, tun kafin dillalin ya tashi daga barci.

Dabarar ta girmi yawancin kayan aikin da ake yayi yanzu. A 2005 an fitar da wani gwaji mai suna Acid2, shafi ne da idan burauza ta bi ƙa'idojin CSS daidai zai nuna fuska mai murmushi, idan kuwa ta kauce sai fuskar ta tarwatse, hanci a nan, ido a can; Safari ce ta fara cin gwajin a ƙarshen wannan shekarar. Har yau masu haɗa Firefox da Chrome suna da ɗimbin gwaje-gwaje irin wannan na kwatanta abin da burauza ta zana da abin da ya kamata ta zana. A gare ku kuwa, shawarata ita ce manhajar gwaji mai suna Playwright, wadda Microsoft ta fitar a 2020, kyauta ce, tana iya sarrafa injinan burauza uku, wato Chromium da Firefox da WebKit, kuma umarni ɗaya ne a cikinta, toHaveScreenshot, ke ɗaukar hoton ya kwatanta. Kada ka firgita idan gwajin ya faɗi a karon farko. Hoton ma'auni ne bai samu ba, sai ya rubuta shi ya ajiye, a karo na biyu ne kwatancin ke farawa. Akwai kuma BackstopJS ga wanda yake son abin da aka gina domin wannan aiki kaɗai.

Akwai wani abu da littattafan koyarwa na waje ba za su tuna maka ba, domin ba su da wannan matsala. Shafinku da Hausa yake magana, Hausa kuma tana da haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ ga masu rubuta ta haka. Waɗannan haruffa suna nan a tsarin Unicode, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, amma ba a sahun haruffan Turanci na yau da kullum suke ba, kuma ba kowane salon haruffa ne mai zanensa ya damu ya zana su ba. Idan burauza ta nemi ƙ a salon da kuka zaɓa ta rasa, sai ta aro daga wani salon, kalmar ta fito da harafi ɗaya siriri a tsakiyar masu kauri, ko dogo a tsakiyar gajeru. Idan ma ba ta sami inda za ta aro ba, sai ta saka fankon akwati a gurbinsa. Wannan akwati ne Turawa suke kira tofu, wato awara, kuma domin kawar da shi Google ta raɗa wa jerin haruffanta suna Noto, wato "no tofu", babu awara. Alamar Naira, ₦, ita ma tana faɗawa wannan rami. Na taɓa yi wa wata ƙungiya shafi, na gwada shi da jimlolin Turanci, komai tsaf, na miƙa aiki na karɓi kuɗina. Da suka zuba rubutunsu na Hausa sai kanun shafin ya fito da akwatuna biyu a cikin kalmar ƙwaƙwalwa, kuma shugabar ƙungiyar ce da kanta ta nuna mini a wayarta a gaban mutane. Tun daga ranar, ba na ɗaukar hoton ma'auni sai da rubutun Hausa na gaske a ciki, kuma ina da jimla guda da nake sakawa wadda ta ƙunshi dukkan haruffan masu ƙugiya, manya da ƙanana, tare da farashi mai tsawo kamar ₦1,250,000, domin in ga ko zai tsallake iyakar akwatinsa. Hausa ma takan fi Turanci cin fili: inda Bature ya rubuta kalma mai haruffa uku a kan maɓalli, kai za ka rubuta "Biya kuɗi yanzu".

Sai batun faɗin allo. Dillalin Farin Gada ba da kwamfutar cinya yake buɗe shafinku ba, da Tecno ko itel ko Infinix yake buɗewa, yana tsaye kusa da buhu, rana tana dukan allon. Ku ɗauki hoto a faɗin fiksel 360, wanda shi ne faɗin da burauzar wayoyin Android masu yawa ke aiki da shi, sannan ku ɗauki wani a faɗin kwamfuta. Amma ka sani cewa kwaikwayon waya da Playwright ke yi girman allo da makamantansa yake kwaikwaya, haruffan da ke cikin kwamfutarka yake amfani da su, ba na cikin wayar ba. Don haka kafin babban saki, a ɗauki waya ta gaske mai araha a duba da ido.

Abu mafi nauyi na bar shi a ƙarshe. Wannan gwaji bai san kyau ba, bai san muni ba, sauyi kawai ya sani. Idan kuka sauya launi da gangan zai yi ihu kamar yadda zai yi idan kuskure ne, kuma mutum ne zai buɗe hotunan uku ya ce wannan muna so, wancan ba ma so. Akwai umarnin da ke sabunta dukkan hotunan ma'auni lokaci ɗaya, kuma ranar da ɗayanku ya gaji ya danna shi ba tare da ya duba ba, farin maɓallin nan zai zama shi ne ma'auni, gwajin ya riƙa kare shi da gaske, har ya kama wanda ya zo gyarawa. Tunda ku uku ne, ku kafa doka: wanda ya taɓa kod ba shi ne zai amince da sabon hoto ba.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin manhaja a Rayfield. Mun fara gwajin kwatanta hoto wata biyu da suka wuce, amma ya zame mana ƙarfen ƙafa. A kwamfutata yana wucewa, a ta abokin aikina yana faɗuwa, a kan GitHub kuma, shafin da muke ajiye kod ɗinmu, kullum faɗuwa yake, alhali da ido ba ma ganin bambancin komai. Shugabanmu ya ce ko dai mu ɗaga gejin afuwa, wato yawan bambancin da gwajin ke yafewa, zuwa kashi 1 cikin ɗari, ko mu watsar da shi. Wanne ya fi?

AMSA: 'Yar'uwa, ina amsawa, kuma da girmamawa ga shugabanku, duka biyun ba na goyon baya. Bari mu yi lissafin kashi ɗayan nan tare. Hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo 2,073,600, kashi 1 cikin ɗari nasa kuwa 20,736 ne. Maɓalli mai faɗin 120 da tsayin 40 ɗigo 4,800 ne kacal. Ke nan maɓallai huɗu za su iya ɓacewa ɗungurungum gwajin ya ce lafiya, balle ƙugiyar ƙ da ba ta wuce 'yan ɗige-ɗige ba, wadda ita ce ta raba ƙafa da kafa. Geji irin wannan bai da maraba da mai gadin da aka ce masa kada ya tashi sai ɓarawo ya zo da mota.

Abin da ke faruwa tsakanin kwamfutocinku shi ne kowane tsarin aiki da hannun rubutunsa. Gefen harafi ba miƙaƙƙe ba ne, ɗige-ɗige kuwa masu kusurwa ne, don haka kwamfuta takan shafa launin toka-toka a gefunan haruffa domin su yi sulɓi a ido, kuma Windows da macOS da Linux kowanne da injin da ke yi masa wannan shafe: DirectWrite a Windows, Core Text a na Apple, FreeType a Linux. Idonki ba zai raba su ba, amma mai ƙirga ɗigo zai ga dubban bambance-bambance a shafi mai yawan rubutu. Shi ya sa Playwright take liƙa sunan burauza da na tsarin aiki a jikin sunan kowane hoto. Mafita ita ce wuri ɗaya tak ya riƙa ɗaukar hoto. Ku saka gwajin cikin Docker, manhajar da ke ba shi muhalli iri ɗaya a kowace kwamfuta, ku tsayar da sigar burauza ɗaya da haruffa iri ɗaya, hoton ma'auni da sabon hoto duk daga can su fito, ko a kwamfutarki aka kunna shi ko a GitHub. Ranar da za ku ɗaga sigar burauzar, ku yi shi a matsayin aiki mai zaman kansa, ku sabunta hotuna kuna kallo, kada ku gwama shi da wani gyara.

Bayan wannan sai ki bi shafin ki kama duk abin da ke motsi. Kwanan wata da agogo su ne na farko: a daskarar da su a kan lokaci ɗaya, kuma a tsayar da yankin lokaci, domin agogon Najeriya yana gaban na GMT da awa ɗaya, na'urorin gwaji na intanet kuwa galibi a kan GMT suke, sai hoton da aka ɗauka da sha biyu da rabi na dare a Jos ya nuna wata rana daban a can. Farashi da sunayen masu amfani su fito daga bayanan gwaji da ba sa sauyawa, kada a ɗebo su daga rumbun bayanan da ake aiki da shi. Talla da taswira da hoton mai shafi, waɗanda ba ku da iko a kansu, a lulluɓe su. Playwright tana da hanyar rufe su da akwati mai launin hoda kafin ta ɗauki hoto, kuma da kanta take tsayar da motsin CSS, ta ɓoye ƙaramin layin nan mai ƙiftawa a wurin rubutu, ta jira har hotuna biyu a jere su yi daidai. Ki tabbata kuma salon haruffanku ya gama saukowa kafin ɗauka, domin a intanet irin tamu hakan kan ɗauki lokaci, sai a ɗauki shafi sanye da haruffan aro.

Geji kuwa iri biyu ne, mutane suna yawan rikita su. Ɗaya yana auna yadda launin ɗigo guda zai iya kaucewa kafin a ƙirga shi a matsayin bambanci, a Playwright an ajiye shi a kan 0.2 tsakanin sifili da ɗaya, kuma ni ba na taɓa shi sai da dalili. Ɗayan yana ƙirga yawan ɗigon da aka yafe. Wannan a bar shi ƙarami ƙwarai, kuma a rubuta shi da adadi maimakon kaso. Idan kuna son kaifin gwaji ya ƙaru, ku daina ɗaukar shafi sukutum, ku ɗauki sassa: maɓalli shi kaɗai, katin farashi shi kaɗai, fom shi kaɗai. Masu aiki da Storybook, manhajar da ke nuna sassan shafi ɗaya bayan ɗaya, haka suke yi, kuma ribarsa ita ce idan ja ya fito kin san gidan da ya fito. Hotuna ashirin da ake dubawa da gaske sun fi ɗari biyar da kowa ya saba tsallakewa, kuma ina zargin yawan hotuna ne ya fara gajiyar da ku.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne, ina koyon zanen motsi da Blender, kuma ina taimaka wa yayana a shagonsa na buga kalanda da katin biki kusa da Terminus. Shin wannan gwaji na masu shafin intanet ne kawai, ko zai amfane mu?

AMSA: Zai amfane ka ta fuska biyu, ɗalibi, kuma ta shagon ce mafi sauƙi. Idan mai biki ya ce a gyara kwanan wata a kati, ka fitar da tsohon da sabon a matsayin hoto, ka ba wa umarnin compare na ImageMagick, manhajar sarrafa hotuna wadda ita ma kyauta ce, zai nuna maka da ja duk inda ya sauya. Idan ja ya fito a kan kwanan wata kaɗai, ka buga. Idan ya fito har a kan sunan amarya, to hannunka ya taɓa abin da ba a aike ka ba, kuma ka gane kafin kati ɗari biyar su fito daga inji. Ka yi amfani da PNG, domin JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayanan hoto duk lokacin da aka ajiye shi, sai ya cika maka sakamako da ƙurar da ba ta da ma'ana. Sai dai wannan ba zai gaya maka yadda launi zai fito a takarda ba, tunda allo da hasken ja da kore da shuɗi yake aiki, inji kuwa da tawada huɗu. Nan sai bugun gwaji.

Ta fuskar Blender abin ya fi zurfi. Masu ilimin zanen kwamfuta sun daɗe da wannan tunani: tun 1984 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka suka ƙera akwati na gaske mai bangaye masu launi domin su kwatanta shi da wanda kwamfuta ta zana, kuma har yau ana gwada injinan zane da wannan akwati. Su kansu masu haɗa Blender suna da tarin hotunan ma'auni da suke gwada kowane gyara da su. Wahalar ita ce Cycles, injin zane na Blender, yana harba haskoki ne ta hanyar caccanka, shi ya sa hoto ke fitowa da tsakuwa-tsakuwa idan harbin bai isa ba; sai ka tsayar da lambar irin caccankar da yawan harbin kafin hotuna biyu su kwatantu. Ko da ka yi haka, katin zane na NVIDIA da na AMD suna iya saɓawa a ƙarshen lissafi, don haka a nan ƙirga ɗigo zalla ba ya wadatarwa. Ana komawa ga ma'aunai masu kwaikwayon ido, irin su SSIM da Zhou Wang da Alan Bovik da abokan aikinsu suka wallafa a 2004, wanda ke duba haske da tazarar haske da duhu da tsarin siffa a yanki-yanki, ya ba da maki da ke kaiwa ɗaya idan hotunan sun yi daidai sak. Ga mai koyo kamarka, ka fara da ajiye ƙaramin hoto guda na kowane fage kafin ka sabunta Blender ko ka taɓa fitilu.

TAMBAYA: Malam, ni kaɗai nake aiki a Bukuru, kuɗin data ma da ƙyar. Na ga ana tallar Percy da Chromatic da Applitools. Dole sai na biya?

AMSA: Ba dole ba ne, ɗan'uwa. Abin da waɗannan kamfanoni suke sayarwa shi ne ɗaukar hoto a na'urorinsu, da ajiyarsa, da allon da mutane da yawa za su duba su amince, Applitools kuma tana ƙarawa da basirar na'ura wajen tace bambancin da ido ba ya gani. Percy tana hannun kamfanin BrowserStack tun 2020, Chromatic kuwa ta mutanen Storybook ce. Suna da amfani ga babbar tawaga, amma da dala ake biya, kuma kuɗin yana hawa da yawan hotuna. Kai da kake kai kaɗai, sauke Playwright sau ɗaya a inda ka sami intanet mai ƙarfi, ka zaɓi Chromium kaɗai domin rage nauyin saukewa, daga nan gwajin a kwamfutarka zai riƙa gudana ba tare da data ba muddin shafin da haruffansa suna cikinta. Ka fara da shafuka uku: na shiga, na biyan kuɗi, da wanda ya fi yawan rubutun Hausa. Tunda ba ka da abokin aikin da zai duba maka, kada ka amince da sabon hoto a daren da ka yi gyara, ka bari sai da safe bayan ka karya kumallo.